Gola Ya Rantse Ya Bar Ƙwallo

SHAFI NA 9

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, na ji ku, ga shi nan. Ke kuma da kika ce Malama ta cika faɗa, karanta wannan tukuna, sai ki dawo mu yi magana.

*

Malama tana zaune a falo da jan biro, tana duba littattafan 'yan aji huɗu, sai ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ta ɗaga kai ta kalli agogo. Sha ɗaya saura. Da safe maigidan ya ce mata aikin firijin yau babba ne, kada ma ta sa ran ganinsa kafin la'asar.

Aka turo ƙofa. Kyaftin ne ya fara shigowa, abokin mijinta tun suna samari, mai shagon taya, yana riƙe da akwatin kayan aiki. Bayansa sai ga Gola, yana takawa a hankali kamar wanda aka ba aron ƙafafu.

Gola dai suna ne da ya manne wa mijinta tun zamanin da yake tsaron raga. Yanzu shekararsa arba'in da takwas, ga tumbi, ga 'ya'ya uku, ga shagon gyaran firij, amma har yau bai yarda zamanin ya wuce ba. Sati uku ke nan da ya sha karo da ƙarfen raga a wasan tsofaffi na ranar Asabar. Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ta hana shi ƙwallo har sai ita da bakinta ta ce ya koma. A cikin falon nan ya dafa ƙirji ya rantse wa Malama ya bari.

"Lafiya?" in ji ta.

"Lafiya lau, matarmu," in ji Kyaftin yana yaƙe. "Ɗan tsautsayi ne. Ƙofar firij ce ta ɗan taɓa shi."

"Ƙofar firij."

"Eh. Irin manya-manyan nan."

"Kai kuma me ya kai ka wurin gyaran firij? Faci firijin ya yi?"

"Rakiya na yi masa."

Gola ya zube a kan kujera, ya runtse ido. "Don Allah a kashe fitilar nan."

"Ba fitila ba ce, Baban yara. Taga ce."

"To a kashe ta."

Ta tashi ta ja labule, zuciyarta ta fara ba ta wani abu. Tana juyowa ya buɗe ido ɗaya ya kalli abokinsa.

"Kyaftin, mun ci?"

Kyaftin ya yi wani tari da babu gaira babu dalili. "Abinci yake nufi. Mun ci, mutumina, mun ci. Har mun ƙoshi."

"Me kuka ci?" in ji Malama.

"Biredi."

"Nawa da nawa?" in ji Gola.

"Biyu da ɗaya," in ji Kyaftin, sannan ya ji abin da ya faɗa. "Biredi biyu, shayi ɗaya."

Malama ta ajiye jan biron a hankali. Shekara sha tara tana koyar da yara. Ta ga wanda ya ce akuya ce ta cinye masa aikin gida, ta ga wanda ya ce kakarsa ta rasu sau uku a zango ɗaya. Amma ba ta taɓa ganin maƙaryaci marar basira irin Kyaftin ba.

Ta matsa kusa da mijinta, ta sa yatsu biyu a gashinsa ta ciro wani abu.

"Wannan firijin, a cikin ciyawa yake?"

"A waje suka ajiye shi," in ji Kyaftin.

"Miƙo akwatin nan."

"Matarmu, kayan aikin namiji ai ba a..."

"Miƙo."

Ya miƙa. Ta ɓalle marfin.

Babu sifana, babu filaya, babu ko sukudireba ɗaya. Takalman ƙwallo ne duk laka, da safar hannu ta mai tsaron raga, da wata koriyar riga mai lamba ɗaya a baya, a jiƙe sharkaf da gumi.

A daidai lokacin Inna, mahaifiyar Gola, ta fito daga ɗakinta tana gyara mayafi. Idonta na sauka a kan takalman ta tafa hannu.

"Kai ɗan nan, kai dai ba ka da wayo! Ban ce in ka dawo ka wuce da su ta ƙofar baya ka mayar ƙarƙashin gadona ba?"



Inna ta dubi surukarta, ta dubi Kyaftin, ta dubi silin.

"Inna," in ji Malama, murya ƙasa-ƙasa, "ku ma?"

"Ni me na ce? Ni ban ce komai ba."

"Ƙarƙashin gadonku, Inna. Gadon da nake share ƙasansa kuke cewa in bari, ƙura tana sa ku atishawa."

"To ai tana sa ni."

Gola ya buɗe ido ya ga akwatin a buɗe a gaban matarsa. Ya zabura.

"Wa ya gaya mata?"

"Kai ka gaya min."

"Ni? Wallahi ban..." Ya dafe kai. Sannan ya juya wajen abokinsa da fuskar mutumin da ya tuna muhimmin abu. "Kyaftin, mun ci?"

Faɗan da Malama ta tara a baki, wanda da ta fara shi sai ya kai su magariba, ya koma ciki. Ta tsugunna a gabansa.

"Baban yara, kalle ni. Yau wace rana ce?"

"Laraba," in ji shi, alhali Asabar ce.

"Yaya aka yi ka zo gida?"

Ya yi tunani sosai. "A ƙasa?"

"Yanzu ka tambayi Kyaftin ko kun ci. Ka tuna ya ba ka amsa ɗazu?"

"Yaushe? Ai yanzu na fara tambaya."

Ta juya. "Kyaftin, bar maganar firij. Me ya same shi?"

Kyaftin ya sosa ƙeya. "Ƙwallo ce ta zo ta sama. Ya tashi zai kama. Sai kawai... ga shi a ƙasa. Abin da sauri ya faru, ban gani sosai ba."

"Ya suma?"

"Ko kaɗan! Da ƙafarsa ya tashi. Har wasan ya ƙarasa."

"Ya ƙarasa wasan?"

"Minti ashirin. Har ya tare fenariti."

"Na tare fenariti?" in ji Gola, fuskarsa ta washe. "Kai! Ta wane ɓangare?"

Inna ta riga ta koma ɗaki ta dawo da kwalbar man zafi. Ta lakato da yatsa ta nufi goshin ɗanta.

"Ke 'yar nan, kina ta da hankalin mutane a banza. Ina jini? Ina ƙulu? Kansa lafiyayye ne kamar dutse. Tun yana ƙarami yake faɗowa daga bishiya, ba abin da ya taɓa samunsa. A shafa masa wannan ya kwanta, in ya tashi garau."

"Inna, ba a fatar abin yake ba."

"To a ina yake? Ni ban ga komai ba."

Kamar jira yake a yi tambayar. Gola ya miƙe da sauri, ya yi taku biyu zuwa banɗaki, bai kai ba. Ya kama bayan kujera ya amayar da duk abin da ke cikinsa a kan tabarmar roba. Ya ɗago zai ce wani abu, wani aman ya sake zuwa.

Malama ta wuce kicin da sauri. Takardar da Likita ta ba su wancan karon tana nan manne a jikin firij, inda ta liƙa ta don ya riƙa gani kullum. Ta fizgo ta. Amai fiye da sau ɗaya, maimaita tambaya, rashin tuna abin da ya faru, duk an ja musu layi, an rubuta a ƙasa: a kawo shi nan take.

"Kyaftin, ta da mota."

"Matarmu, ko dai mu ɗan jira ya..."

"Ta da mota na ce!"

Inna ta rufe kwalbar man zafi ta cusa a jaka. "Ni ma da ni za a je. Kar a je a yi wa ɗana allurar da ba ta dace ba."

*

A asibiti suka taki sa'a, ko kuma Gola ya taki rashin sa'a, domin Likitar da ta gan shi wancan karon ita ce a bakin aiki. 'Yar siririya ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalli mutum sai ya tuna duk laifin da ya yi tun yana firamare.

Ta dubi katin, ta dube shi.

"Gola. Ba kai ne ka ce min ka yi ritaya ba?"

"Na yi, Likita."

"To me ya faru?"

"Ƙofar firij," in ji Kyaftin daga baya.

Malama ta juya ta yi masa kallo ɗaya. Ya ja baya ya jingina da bango.

Likita ta haska masa 'yar fitila a ido, ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ya bi yatsanta da kallo, ta sa ya matse hannayenta, ta sa ya taka a layi, ya karkace kamar keken da taya ɗaya ta sace. Ta ce masa kalmomi uku, kofi, takalmi, taga, ta ce ya riƙe. Bayan minti biyu ta tambaye shi.

"Kofi," in ji shi. "Kofi... Mun ci kofi?"

"A kai shi hoton kai," in ji Likita.

Suka yi kusan awa ɗaya a kan benci. Inna tana ta jan carbi, Malama tana ta ninke takardar nan tana warwarewa har ta kusa yagewa. Sau biyu Gola ya farga da cewa matarsa ta san ya je ƙwallo, kuma sau biyun sai da ya firgita sabo fil, ya tambayi wa ya tona masa asiri. A karo na biyu Malama ta gaji ta ce masa firij ne.

Da aka sake kiran su, Likita ta juya musu allon kwamfuta.

"Alhamdulillahi, babu jini a ciki, ƙashi bai tsage ba."

"Kun ji ko!" in ji Inna. "Ni dama na faɗa. Tashi mu tafi, ɗan nan."

"Ku zauna, Inna. Hoto jini yake nunawa da karaya. Girgiza ba ta fita a hoto." Ta juya wajen Gola. "Aikin firij kake yi ko?"

"Shekara ashirin da biyu."

"In aka ɗauko firij a bayan mota, aka bi hanya mai ramuka da shi, aka sauke. Jikinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Sai a jona shi a wuta nan take?"

Gola ya miƙe zaune, kamar an zagi sana'arsa. "Haba Likita! Wa zai yi wannan gangancin? Ai sai an bar shi ya zauna, man kwampreso ya koma mazauninsa. In ka kunna a haka sai ka ƙona injin."

"In mai firijin ya ce ai shi bai ga tsaga ba fa?"

"Jahili ne."

"To sannu."

Gola ya sunkuyar da kai.

"Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi, tana cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai," in ji Likita. "In kai ya bugu, ko ma jiki ya fizgu da ƙarfi, sai ta yi gaba ta yi baya ta daki bango. Ba sai an suma ba, ba sai an ga jini ba. Kai an jijjiga naka sati uku da suka wuce, bai gama zama ba ka jona shi a wuta, ka kuma sake jefa shi a mota. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi muke tsoro. Akwai waɗanda ba sa komawa yadda suke." Ta ɗauki biro. "Tun wancan karon, ciwon kan ya daina gaba ɗaya?"

"Ya daina," in ji Malama. "Tun satin farko ya ce min ya daina."

Inna ta fara gyara bakin mayafinta, tana kallon ƙasa.

"Inna?" in ji Likita.

"Ni dai... yakan ɗan shigo ɗakina da rana ya kwanta, ya ce in rufe taga. In ba shi ƙwaya biyu. Ya ce kar in gaya mata, za ta hana shi fita."

"Sau nawa?"

"Kullum dai."

Malama ta dubi mijinta kawai. Da faɗa ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

"Shekaranjiya na manta hanyar gidan wani kwastoma," in ji Gola a hankali. "Gidan da na je ya fi sau goma. Na tsaya a bakin titi ina ta kallon mutane."

"Kuma ka tashi yau ka je ka tsaya a raga."

"Duk sati ina bayan firijin mutane a tsugunne, ba mai sanin ina wurin sai in abu ya lalace. Ranar Asabar kuwa, in na kama ƙwallo, mutum ashirin ne ke ihun Gola." Sai ga hawaye shar a fuskarsa. Ya taɓa kumatunsa cikin mamaki. "Likita, me ya sa nake kuka? Ni fa ba na kuka."

"Shi ma yana cikin alamun. Zai wuce."

Malama ta zaro hankici ta share masa fuska, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

"Mu huɗu ne a gida muke kiran ka Baba, har da ni," in ji ta. "In ka manta hanyar gidan kwastoma, wata rana ta namu za ka manta. Sai in je fili in tambayi mutum ashirin ɗin nan wa zai zo ya zauna mana?"

Inna ta fyace hanci. Ta buɗe jaka ta ciro kwalbar man zafi, ta dube ta, ta mayar.

Likita ta ce za ta riƙe shi zuwa gobe don a sa masa ido, tunda ya yi amai kuma karo na biyu ne. Bayan nan kwana biyu na hutu sosai, ba waya, ba talabijin, ba tuƙi, ba hawa tsani. Aiki kuma sai a hankali, kaɗan-kaɗan, in kai ya sara a dakata. Barci ba laifi ba ne, amma in aka tashe shi ya ƙi tashi, ko ciwon ya ƙaru, ko hannu ya mutu, ko magana ta karkace, a kira ta da gudu.

"Ƙwallo fa?" in ji Gola.

Mata uku suka juyo suka dube shi a lokaci ɗaya.

"Tambaya kawai na yi."

Yara sun kusa dawowa daga darasin Asabar kuma babu kowa a gida, don haka aka yanke Inna ta koma. Kyaftin, wanda tun ɗazu yake neman hanyar tsira, ya karɓi aikin hannu bibbiyu. Ya ɗauki jakar Inna, ya yi sallama, suka fita.

Ba su daɗe da fita ba wayar Gola ta yi ƙara a jakar Malama. Ta ciro. Saƙo ne a zauren 'yan ƙungiyarsu, wani ya turo bidiyo, ya rubuta a ƙasa: *Ku ga karon shekara!*

"Likita, ga yadda ya faɗi. Wani ya ɗauka."

"Kawo mu gani. Zai taimaka."

"Ni ma in gani," in ji Gola.

"Kai an hana ka waya."

Suka haɗa kai a kan allon. Ga ƙwallo ta taso sama. Ga Gola ya fito daga raga da koriyar rigarsa, tumbi na gaba yana biye. Ya yi tsalle. Daga ɗaya gefen kuma wani mai jan ƙyalle a damtse ya taho a guje da baya-baya, idonsa a sama, shi ma ya yi tsalle.

Ƙwas!

Har a wayar sai da ƙarar ta sa Malama ta runtse ido. Ba ƙasa ya buga ba, ba ƙarfe ba. Kai biyu ne suka haɗu.

Gola ya faɗi, ya yi birgima, ya miƙe yana layi. Ɗayan kuwa ya zube a rigingine, hannayensa a sandare a sama, bai motsa ba. Likita tana ƙirgawa a hankali. Sai da ta kai goma sha huɗu sannan mutumin ya motsa. Aka ɗaga shi, ya ture masu riƙe da shi, ya nufi ragar abokan hamayya yana tafa hannu kamar shi ya ci ƙwallo.

"Wannan ya suma," in ji Likita. "Nasa ya fi na mijinki. Waye shi? Wane asibiti aka kai shi?"

Malama ta dawo da bidiyon baya, ta tsayar a kan fuskar.

"Kyaftin ne."

"Wane Kyaftin?"

"Wanda ya kawo mu."

Likita ta cire tabarau. "Shi ya tuƙo ku?"

"Kuma yanzu ya ɗauki Inna."

Ba ta san lokacin da ta yar da jaka ba. Ta bi baranda a guje, takalmi ɗaya ya fice ta bar shi, Likita na biye da ita tana ƙwala wa masu gadi kira. Ta ture ƙofar gilashi ta faɗo harabar asibitin.

Motar ba ta tafi ba. Tana zagaya ɗan shataletalen furannin da ke tsakiyar harabar, a hankali, sigina na ta ƙyaftawa. Wani mai gadi yana tsaye riƙe da ƙugu yana kallo.

"Zagaye na biyar ke nan," in ji shi.

Inna ta leƙo da kai ta taga. "Ke 'yar nan! Wai ya ce in tuna masa ina za mu!"

"Kyaftin! Tsaya! Kashe motar!"

Kyaftin ya hango ta. Ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu cikin fara'a kamar sun shekara ba su haɗu ba. Sannan ya murza sitiyari ya bar shataletalen, ya miƙe sak zuwa ƙofar da motoci ke shigowa daga babban titi.

Malama ta yanke ta cikin furannin da ƙafa ɗaya babu takalmi, ta riga shi isa bakin ƙofar. Ta tsaya a tsakiyar hanya, ta ware hannuwa biyu.

Motar ba ta rage gudu ba.